Baɗi War Haka Mun Yi Kuɗi: Ɗan Teburin Landan Da Ya So Zama Babban Mutum

Babu kasuwar da ba ta da irinsa. Ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Katako ta Yamai, in kuka zagaya za ku tarar da shi. Jarinsa bai cika tebur guda ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse kwantenarsa na tashar Lome tana jiran duwan. Kullum yana da wata hajar da za ta fid da shi daga talauci kafin salla, salla ta zo ta wuce yana nan inda yake, ana binsa bashi yana bin wasu, kuma bai daina murmushi ba. Mukan yi masa dariya, amma ranar da bai fito ba layin duka yakan yi shiru.

To, jama'a, Turawan Ingila ma suna da nasu. Sunansa Derek Trotter, ana kiransa Del Boy, kuma shi ne jigon wani wasan barkwanci na talabijin mai suna Only Fools and Horses. Sunan ya fito daga wani karin maganar ƴan birni mai cewa wawaye da dawaki ne kaɗai ke aikin wahala don neman abinci, mai wayo dabara yake yi. Tashar BBC ta fara nuna shi ranar 8 ga watan Satumba 1981, aka yi ta yinsa zango-zango har 1991, daga nan sai lokacin bikin Kirsimeti, har zuwa na ƙarshe a 2003. Duka-duka kashi 64 ne. A 2004 da BBC ta ce masu kallo su zaɓi wasan barkwancin da ya fi kowanne a ƙasar, shi suka zaɓa. Mu mun fara cin karo da shi guntu-guntu a wayar hannu, muka ga ya kamata mu kawo muku labarinsa, don gwaninsa ɗan uwanku ne a sana'a, kuma ciwon da ke damunsa mun san shi.

Gidan su Del

Del yana zaune a unguwar Peckham da ke kudancin Landan, a hawa na 12 na wani dogon bene irin waɗanda hukuma ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi, benen kuwa sunansa Gidan Nelson Mandela. Uwarsu ta rasu ƙanensa Rodney yana ƙarami, ubansu ya gudu ya bar su, shi Del ya riƙe gidan tun yana saurayi, ya rene ƙanen, ya ciyar da kakansu. Da ɗan wasan da ke fitowa a kakan, Lennard Pearce, ya rasu a 1984, sai aka sa rasuwar cikin labarin, aka kawo ɗan uwan kakan mai suna Albert, tsohon sojan ruwa wanda ba ya buɗe baki sai da labarin yaƙin duniya.

Shagon Del akwati guda ne. Yakan buɗe shi a gefen kasuwa ba tare da takardar izni ba, Rodney na tsaye yana leƙen ɗan sanda. Ba ya biyan lanho ko patanti, hujjarsa ita ce gwamnati ba ta ba su komai, don haka su ma ba su ba ta komai. Motarsu wata rawaya ce mai ƙafa uku, ƙirar Reliant, irin wadda talakan Ingila ke saya a wancan zamani saboda a lokacin harajinta kaɗan ne kuma lasin babur ya isa a tuƙa ta. A jikin wannan ƴar uwar adaidaita-sahu an rubuta sunan kamfaninsu da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma aka jera biranen da wai yake da rassa: Niyu Yok, Paris, Peckham. Ko ba a ce komai ba, ganin motar kaɗai ya gaya maka abin da wasan ke ciki. Duk kuwa lokacin da Rodney ya karaya, Del yakan dafa kafaɗarsa ya ce masa baɗi war haka sun zama masu miliyan.

A kashi na farko Del ya sayi jakunkunan takardu 25 irin na manyan ma'aikata, masu makulli na lambobi, yana murna ya yi arha. Sai daga baya ya gane cewa lambar buɗe kowace jaka tana cikin jakar a kulle, ga shi kuma kayan na sata ne. Ƙarshenta kogi ya zuba su. Mu faɗa tun yanzu, ba yabon irin wannan ciniki muke ba. Sayen kayan da ba ka san asalinsu ba da ɓoye aibin haja haramun ne a gare mu, kuma shi kansa wasan kusan kullum yakan sa abin ya koma kan Del. Akwai kuma zaman mashaya da wasu al'adunsu da ba namu ba. Abin da ya ja hankalinmu daban ne.

Tsanin Ingila

Ba za a gane abin dariyar ba sai an san yadda Ingila ta jera mutanenta. A can sama akwai masu sarautar gado da filaye. A tsakiya akwai likitoci, lauyoyi, ma'aikatan banki da masu kantuna manya. A ƙasa akwai ƴan ƙwadago. A watan Afrilu 1966, cikin wani shiri mai suna The Frost Report, an tsai da ƴan wasa uku a jere don a nuna wannan tsani: John Cleese dogo, Ronnie Barker matsakaici, Ronnie Corbett gajere. Dogon ya ce yana kallon sauran biyun a ƙasa, ko da yake asali gare shi amma ba kuɗi. Na tsakiya ya ce yana ɗaga kai ga wannan yana raina wancan. Gajeren ya ce shi dai ya san matsayinsa, kuma abin da yake samu daga wannan tsari shi ne ciwon wuya saboda ɗaga kai.

Abin lura shi ne kuɗi kaɗai ba su ke ajiye mutum a matakala ba. Ana duba makarantar da ya yi, da unguwar da ya tashi, da abin da yake sha, har da sunan da yake kiran abinci, don a gidajen ƴan ƙwadago da yawa abincin dare shayi ake ce masa. Sama da duka akwai harshe. Ɗan talakan Landan yana haɗiye wasu baƙaƙe in yana magana, da ya furta kalma biyu an san gidan da ya fito, ko da kuwa kwat ɗinsa ta fi ta kowa tsada. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan, tun da mun san yadda ake tambayar asalin mutum da sana'ar gidansu ranar neman aure kafin a tambayi abin da ke aljihunsa.

Wasan ya zo a daidai lokacin da aka ce wa talakan Ingila tsanin nan ya buɗe. Margaret Thatcher, wadda ta yi firaminista daga 1979 zuwa 1990, ita kanta ɗiyar mai kantin kayan masarufi ce a garin Grantham. Gwamnatinta ta ba masu haya a gidajen hukuma damar sayen gidajen tun 1980, tana kiran kowa ya tashi ya nemi na kansa. A gefe guda masana'antu na rufewa, har marasa aikin yi suka haura miliyan 3 a 1982. Del ya gaskata kiran da zuciya ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne waɗanda ke sama suna da kalmomin sirrin da ba a sayarwa a kasuwa.

Faransancin aro

A nan ne mu ƴan Nijar muka fi sauran masu kallo morewa. Tun da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya yi ƙarnoni yana harshen fada, kuma har yanzu ɗan tsarma shi cikin magana alama ce ta wayewa a wurinsu. Don haka Del ya ɗauki Faransanci ya yafa. Matsalar ita ce bai ji ko kalma ɗaya ba. In zai yi sallama ya tafi sai ya ce “bonjour”, in ya iso ya ce “au revoir”. In yana so ya ce ba komai sai ya ce “mange tout”, wanda sunan wani wake ne da ake ci da kwasfarsa. In abu ya yi masa kyau ya ce “bonnet de douche”, wato hular wanka. Kalmomin nan a jikin kwali da gwangwani ya tsince su, kuma yana faɗinsu da ƙarfin hali irin na wanda ya yi digiri a Paris.

Ba shi kaɗai ba ne. A wani wasan na BBC mai suna Keeping Up Appearances, wanda aka yi daga 1990 zuwa 1995, akwai wata mata Hyacinth, sunan gidan mijinta Bucket, wato bokiti, amma ta dage sai an kira ta da lafazin Faransanci “bouquet”, damin furanni. Marigayiya Patricia Routledge, wadda ta rasu a 2025, ita ta fito a wannan matsayi. Duk rayuwar Hyacinth ta tafi wajen ɓoye ƴan uwanta talakawa daga idon maƙwabta.

Mu da ke zaune gaban makirfo mun sha jin irin wannan. Mutum zai bugo waya cikin shirin Hausa, gaisuwa ce kawai zai yi wa surukarsa a ƙauye, amma sai ya tsarma “effectivement” uku da “donc” biyar, surukar kuwa ko lakol ba ta taɓa shiga ba. Mu kanmu masu gabatarwa ba mu tsira ba. Iyayenmu mata na kasuwa kuma sun san mai sayen da ke taya tumatir da Faransanci don a san shi mushe ne, in an gama ciniki ya rage murya ya ce a rubuta sai ƙarshen wata. A 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a hukumance, Faransanci ya koma harshen aiki, amma jin cewa harshen wani ya fi naka daraja ba ya fita daga zuciya da sa hannu a takarda.

Fitilar basarake da kantar mashaya

Wurare biyu ne Turawan Ingila suka fi tunawa a wasan, kuma duka biyun faɗuwa ce. Na farko ya fito a watan Disamba 1982. Su Del sun taimaki matar wani basarake da motarta ta mutu a hanya, suka ja ta har gida. Basaraken bai so ganinsu ba, amma Del ya jiyo shi a waya yana ƙorafin tsadar masu wanke manyan fitilun gilashi masu rassa da ke rataye a zaurensa. Nan take Del ya zama gwanin wankin fitila, ya karya farashi, basaraken kuwa don son arha ya ba shi aikin. Ranar aiki Del da Rodney suka hau tsani suka shimfiɗa mayafi a ƙarƙashin fitila ɗaya, suka aika kaka sama ya kwance ƙusar. Kaka ya kwance, ya buga guduma, sai ɗaya fitilar da ke can nesa ta faɗo ta tarwatse. Del ya sauko a natse ya tambayi baran gidan ko maigida yana da adireshinsu ko lambar wayarsu. Da aka ce babu, sai suka ranta a na kare.

Marubucin wasan ya ce wannan ya faru da gaske ga mahaifinsa lokacin da yake aikin famfo a wani babban gida. Amma ku duba yadda aka raba dariyar. Del ya yi ƙaryar sana'ar da bai iya ba, gaskiya ne. Shi kuma basaraken, mai fitilar da ta yi shekaru aru-aru, rowa ce ta sa ya miƙa dukiyar kakanninsa ga mutanen da bai ko tambayi inda suke zaune ba. Wanda ya ƙi biyan gwani haƙƙinsa ya biya da fitila.

Na biyu ya fito a watan Janairu 1989. Lokacin Landan ta cika da samari masu cinikin hannun jari, masu kuɗin dare ɗaya. Del ya kalli wani fim na Amurka mai suna Wall Street, sai ya sayi jar igiyar rataya wando, da ajanda mai bangon fata, da jakar ƙarfe, alhali hajarsa ba ta canza ba. Ya bar mashayar unguwa ya koma inda waɗannan samari ke taruwa. Yana tsaye da abokinsa Trigger, mai sharar titi, yana koya masa yadda ake kame kai a gaban manyan mata, sai ya jingina da kanta ba tare da ya waiga ba. Ashe ma'aikacin wurin ya ɗaga murfin kantar ya wuce. Del ya tafi ƙasa a miƙe kamar an sare icce. Trigger ya juyo bai gan shi ba, ya yi ta dube-dube. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

A lura da wani abu guda. A kasuwa, da akwatinsa da bakinsa, Del sarki ne, ba mai ka da shi a ciniki ko a baƙar magana. Wasan bai taɓa mai da talla abin kunya ba. Sai ya bar inda ya iya ya je yana kwaikwayon waɗanda ba su san da zamansa ba, a nan ne ƙasa ke karɓarsa. Haka aka yi wa Boycie, dillalin tsofaffin motoci da ya yi kuɗi ya koma unguwar masu hali. Tare suka tashi da Del, makaranta ɗaya suka yi, amma ba ya zama da su sai ya tuna musu abin da ya mallaka, ya bi da wata dariya mai kama da harbin bindiga. Duk da haka kullum yana mashayar talakawan, don can sama ba a karɓe shi ba, kuma arziki ba ya daɗi in babu wanda za a nuna wa.

Inda dariya ke tsayawa

Rodney shi ne ɗan boko na gidan. Ya ci jarrabawa a darasi biyu, lissafi da zane, kuma Del ba ya gajiya da shelar wannan ilimi duk inda suka je. Karatun bai isa ya ba shi aikin ofis ba, amma ya isa ya sa shi jin kunyar akwatin wansa. Cikin wancan kashi na 1989 ya haɗu da Cassandra, ma'aikaciyar banki kuma ɗiyar mai kamfanin ɗab'i. Da ta ce za ta rage masa hanya a motarta, sai ya kasa cewa a Gidan Nelson Mandela yake. Ya sa ta sauke shi a ƙofar wani katafaren gida a unguwar masu kuɗi, ya tsaya yana ɗaga wa mutanen gidan hannu kamar nasa ne, da ta tafi ya taka har gida cikin ruwan sama. Ana dariya, amma duk uwar da ta sayar da ƙosai ta biya wa ɗa karatu, ranar da ya zo da abokansa ya wuce teburinta kamar bai gan ta ba, ta san wannan dariya da ɗaci a ƙarƙashinta.

Ga yadda wasan ya amsa wa Rodney. Da aurensa da Cassandra ya matso, Del ya yi masa alkawarin fam 2,000 don ya kama gida. A daidai lokacin wasu ƴan daba biyu, wa da ƙane, suna bin Del bashin fam 2,000 na wasu wayoyin hannu. Kuɗin da ke hannunsa ba za su biya biyu ba. Del ya ba ƙanensa, ya je ya sha dukan ƴan daba, ya dawo ya kulle kansa a makewayi bai gaya wa kowa ba. Rodney har gori ya yi masa yana zaton ya saɓa alkawari, sai ranar biki ya ji gaskiyar abin da ya faru. Mutumin da ba ya iya bambanta “bonjour” da “au revoir” ya yi abin da masu asali da yawa ba za su yi ba.

Sau ɗaya masu wasan suka kuskure wannan ma'auni, kuma sun yarda. A Kirsimetin 1986 an yi wani kashi inda Rodney ya yi abota da ɗiyar wani babban basarake, Del ya kutsa kai don ya ga an yi aure ya samu shiga. Ya je gidan ya bugu, ya ci mutuncin kowa a teburin abinci, ya tozarta ƙanensa a gaban baƙi. Marubucin da David Jason, wanda ke fitowa a Del, duka sun nuna ba su ji daɗin yadda ya fita ba, don Del ya tashi daga mai kuskure ya koma mugu. Shekaru bayan haka da za a sake fitar da shi a faifai sai da aka yanke wurare da dama. Masu kallo suna yafe wa Del jahilci da cika baki, amma ba su yarda ya wulaƙanta nasa don ya burge bare ba.

Ranar da baɗi ta zo

Shekara 15 Del yana cewa baɗi. A kashin da aka nuna ranar 29 ga watan Disamba 1996 baɗin ta zo. Mahaifin Raquel, matar da Del ke zaune da ita, dillalin kayan da ne. Ya leƙa garejinsu ya ga wani tsohon agogon aljihu cikin tarkace, ya gane cewa aikin John Harrison ne, maƙerin agogon da ya yi suna a ƙarni na 18 wajen ƙera agogon da ke taimakon matuƙan jiragen ruwa. A labarin an kai shi gidan gwanjo na Sotheby's aka saye shi fam miliyan 6.2, abin da ya haura sefa miliyar 5 a canjin wancan lokaci. Mutum miliyan 24.3 suka kalli wannan kashi a dare ɗaya, adadin da wani wasan barkwanci bai taɓa samu ba a ƙasar.

Ƴan kasuwa, ga wani abu da ya kamata ku riƙe. Abin da ya tabbatar musu da mallakar agogon shi ne wani tsohon rasiɗi da Rodney ya rubuta ya adana tun shekarun farko, lokacin da Del ke yi masa tsiya a kan son rubuce-rubuce. Ba don wannan ƴar takarda ba da dukiyar ta zama abin shari'a. Bakin wa da alƙalamin ƙane sai da suka haɗu.

Sun sayi Rolls-Royce a hannun Boycie, wanda ya kusa haɗiye harshensa. Suka shiga mashayar unguwa kowa ya miƙe yana tafi. Del ya samu babban gida a bayan gari. Amma wasan bai ƙare a nan ba. Da dare Del ya sulale ya koma tsohon ɗakinsu na hawa na 12, ya tsaya cikin kango yana tuna muryoyin waɗanda suka rasu. Waya ta yi ƙara, wani ne ke tallata masa haja mai arha, har ya fara lissafin riba kafin Rodney ya tuna masa sun daina. Ashe farautar ce ke riƙe da shi, ga nama ya samu ya rasa abin yi da safiyarsa. Duk wanda ya ga tsohon ɗan kasuwa da ƴaƴa suka ce ya huta, amma kullum yana zuwa ya zauna a bencin ƙofar shago, ya san wannan.

Da aka dawo da wasan a Kirsimetin 2001, kuɗin sun tafi. Sun zuba su a kasuwar hannun jari ta Amurka ta Tsakiya, cinikin da ba su san kansa ba, kasuwar ta rushe, hukumar haraji ta biyo su, suka koma Gidan Nelson Mandela da motarsu mai ƙafa uku. Sai a kashin ƙarshe na 2003 gadon da Albert ya bari, wanda ya ajiye rabonsa a inda ba kasada, ya cece su daga kora.

Daga cikin gida aka rubuta shi

Me ya sa talakawan Ingila ba su ji haushin wasan da ke nuna su cikin bashi da kayan sata ba? Saboda nasu ne ya rubuta. John Sullivan, wanda aka haifa a 1946 a kudancin Landan, ɗan mai gyaran famfo ne, uwarsa tana aikin shara da wanke-wanke a gidaje. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi ƙananan ayyuka iri-iri har da na kasuwa, daga baya ya shiga BBC a matsayin mai ɗaukar kayan dandali, a nan ya samu ya miƙa rubutunsa. Ya rasu a 2011. David Jason kuwa ɗan ɗan dako ne a kasuwar kifi ta Billingsgate, kuma gyaran lantarki ya koya kafin ya shiga wasa. A 2005 Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir, wato ɗan ɗan dako ya hau tsanin da Del ya yi ta zamewa a kai, kuma da rigar Del ya hau shi. Shi kuma Buster Merryfield, wanda ya fito a tsoho Albert marar ko sisi, manajan banki ne da ya yi ritaya.

Dariyar ɗan gida daban take da ta baƙo, kamar yadda wasan Bakatsine da Bagobiri ko na taubasai ba ya zama zagi saboda an san juna. Wataƙila shi ya sa wasan ya ƙetare iyaka. A Sabiya da maƙwabtanta, inda jama'a suka sha fama da kasuwar bayan fage, an so shi har John Challis, wanda ya fito a Boycie, ya samu takardar zama ɗan ƙasa ta girmamawa kafin rasuwarsa a 2021. A Ingila kuwa ya zama ma'auni. A 1992 an nuna Del yana ɗura ruwan famfo a kwalabe yana sayarwa da sunan ruwan maɓuɓɓugar Peckham. A 2004 da aka gano cewa ruwan kwalba na Dasani da kamfanin Coca-Cola ya fitar a Ingila ruwan famfo ne da aka tace, jaridu ba su wahalar da kansu neman misali ba, sunan Del suka kira.

Ba mu kawo wannan labari don mu hana kowa buri ba. Ɗan tebur ya so shago, mai shago ya so sito, wannan shi ne kasuwa, kuma da yawa daga alhazan da ake ji da su a Maraɗi da talla suka fara, wasunsu ba su taɓa zama a aji ba. Tambayar da wasan ya bar mu da ita ita ce, nawa muke kashewa don ci gaba, nawa kuma don a ce mun ci gaba? Adashin da aka kwashe aka zuba a anko da kayan ɗakin da za a nuna wa ƴan buki, babur ɗin da aka ci bashi aka saya don maƙwabci ya sayi nasa, jarin da aka taɓa don kada a ce wance ta fi mu, duk jar igiyar wando ce irin ta Del, kuma murfin kanta na nan a ɗage. Waɗanda ake yi domin su gani sukan ci su sha su watse, ranar biyan bashi kuwa sai wanda ya san ka tun kana da tebur guda.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya rufa mana asiri, ya sa mu san masu ƙaunarmu tun suna raye. Amin.